Me ya sa auna iskar CO2 a bututu ya fi auna iskar gas wuya?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗan Argungu ne, ina shekarar ƙarshe a karatun injiniya, kuma aikin kammala karatuna ya shafi kama iskar kabon dayoksaid, wato CO2, daga masana'antu a binne ta a ƙarƙashin ƙasa. A takardun da nake karantawa ana ta cewa auna yawan iskar da ke wucewa a bututu babbar matsala ce. Abin ya ɗaure mini kai, tunda an daɗe ana auna gas da fetur ana ciniki a kansu. Me zai hana a ɗauko mitar gas a ɗaura? Kuma da za a yi irin wannan aiki a yankinmu, wace mita za ka zaɓa? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amin, tare da kai. Idan na fahimce ka, kana so ka san abin da ya raba CO2 da sauran abubuwan da muke aunawa a bututu, sannan kana so ka ji zaɓina idan an ce a kafa tashar awo a ƙasar Kebbi ko Zamfara. Mitocin da ake amfani da su a wannan aiki su ne dai waɗanda ka sani a harkar gas da mai, ba a ƙirƙiro wasu daban ba. Wahalar tana cikin abin da ke gudana a bututun, domin CO2 tana canza hali a daidai zafi da matsin da bututu ke aiki a kansu, kuma zafin ƙasarmu yana kai ta inda halin nata ya fi rikicewa.

Kafin mu shiga wannan, ya kamata a san dalilin da ya sa ake matsa wa kan daidaiton awo. Masana'antar da ta kama iskar ba lallai ba ne ita ke da bututun, kuma mai bututun ba lallai ba ne shi ke da rijiyar da ake binnewa, saboda haka a kowace gaɓa akwai miƙa kaya daga hannu zuwa hannu, kuma kowace miƙawa kuɗi ne. A Amurka, dokar da aka zartar a 2022 ta kai rangwamen haraji zuwa dala 85 a kan kowane tan da aka binne. Tashar da ke binne tan miliyan ɗaya a shekara, idan mitarta ta kauce da kashi 1 cikin ɗari, an yi batan lissafin tan 10,000 ke nan, wato dala 850,000 a shekara guda. Ƙa'idojin kasuwar hayaƙi ta Tarayyar Turai kuwa sun sa iyakar shakkun da aka yarda da ita, wato kuskuren awon da za a lamunta, a mataki mafi tsauri tsakanin kashi 1.5 da 2.5 cikin ɗari, ya danganta da hanyar da aka bi. Har manyan kamfanoni sukan yi tuntuɓe a nan. Aikin Sleipner da ke tekun Norwe, wanda ya fara binne CO2 tun 1996 kuma ake kawo shi a matsayin abin koyi, a 2024 rahotanni suka fito cewa kamfanin Equinor mai gudanar da aikin ya amince alƙaluman da ya bayar na shekarun 2017 zuwa 2021 sun zarce abin da aka kama a zahiri, saboda matsalar da aka samu a na'urar auna kwarara. Bayan kuɗi akwai tsaro: ɗaya daga cikin hanyoyin gane yoyo a dogon bututu ita ce kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma yoyon da bai kai girman kuskuren mitocin ba yana iya ɓuya a cikinsa. Fashewar bututun CO2 a kusa da ƙauyen Satartia na jihar Misisifi a 2020 ta kai mutane fiye da 40 asibiti.

Halin iskar kanta

Kowane sinadari yana da wata gaɓa ta zafi da matsi wadda idan aka wuce ta, bambanci tsakanin ruwa da iska yake ɓacewa, ana kiranta gaɓar kiritikal. A kewayen wannan gaɓa, ƙaramin canji a zafi ko matsi yana kawo babban canji a densiti, wato yawan kilogiram da ke cikin kubik mita ɗaya. Gaɓar ruwan sha tana can a digiri 374 na ma'aunin Salshiyos. Ta misen, wanda shi ne kaso mafi yawa na gas ɗin da zai bi bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, tana wajen digiri 82 ƙasa da sifili. Duka biyun sun yi nisa da zafin da muke rayuwa a ciki, shi ya sa halinsu a bututu yake tafiya a hankali, kuma lissafinsu ya zauna tuntuni. Gaɓar CO2 kuwa tana kan digiri 31 da matsin bar 73.8, inda bar ɗaya yake kusan daidai da matsin iskar sarari. Kai da ka tashi a Argungu ka san digiri 31 ba wani zafi ba ne, hantsi ne kawai a watan Afrilu.

Me ya sa ba za a bar ta a matsayin iska a huta ba? Saboda a matsin sarari kubik mita ɗaya na CO2 bai kai kilogiram 2 ba, don haka jigilar miliyoyin tan a wannan siffa tana buƙatar bututu mai girman da kuɗinsa ba zai biyu ba. Sai a matse ta zuwa sama da bar 100, inda take yin nauyi kusan kamar ruwa amma tana gudu da sauƙi kamar iska. A haka ake tura ta a dubban kilomitocin bututun CO2 da ke Amurka, waɗanda aka fara shimfiɗawa tun 1972 domin ƙara tatso mai daga tsofaffin rijiyoyin Teksas.

Yanzu dubi waɗannan alƙaluma na CO2 tsantsa. A matsin bar 100, densitinta a digiri 30 kusan kilogiram 770 ne a kubik mita. A digiri 40 ya sauko kusan 630. A digiri 50 ya faɗo kusan 385. Wato tsakanin digiri 40 da 50, kowane digiri ɗaya yana cinye kusan kilogiram 24, abin da ya kai kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Idan aka ɗaga matsin zuwa bar 150, a digiri 40 densitin kusan 780 ne, a digiri 50 kuma kusan 700, wato kusan kashi 1 cikin ɗari a kowane digiri. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Injiniyan da ke Norwe yana da ƙasa da teku masu sanyi da ke riƙe masa bututu nesa da wurin rikicin. Mu a nan matsakaicin zafin shekara bai yi nisa da digiri 30 ba, daga Maris zuwa Mayu muna wuce 40 da rana, ƙarfen da ke kwance a rana ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi, sannan da daren hunturu zafin yakan sauko ƙasa da 20. Bututu ana binne shi, amma tashar awo a sarari take.

Abin da ke tafe tare da ita

CO2 da aka kama daga masana'anta ba ta zuwa ita kaɗai. Dangane da inda ta fito, takan zo da naitirojin, oksijin, agon, haidirojin, misen, danshi, da ɗan burbushin sinadaran salfa. Wadda za a kama daga kamfanin siminti irin na Kalambaina a Sakkwato, inda ƙona farar ƙasa kaɗai ke fitar da kilogiram 44 na CO2 daga kowane kilogiram 100 na tsantsar dutsen, gaurayenta daban yake da na wadda ta fito daga kamfanin takin zamani.

Wannan yana cutar da awo ta hanya biyu. Ta farko ka san ta daga cinikin shanshera: sikeli yana faɗin nauyin motar da kayanta, amma mai saye ba ya biya sai ya gwada danshi ya duba ƙaiƙayi da tsakuwa, domin shinkafa ya zo saye. Mita ma duk abin da ya wuce take ƙirgawa, alhali tan na CO2 ake biya. Idan kashi 4 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke bututun naitirojin ne, a nauyi sun kai kusan kashi 2.6, kuma wannan kaɗai ya haura iyakar shakkun da na ambata. Dole ke nan a ajiye na'urar tantance sinadarai kusa da mita, kuma ɗiban samfuri daga bututu mai matsin bar 150 ba tare da wani ɓangare ya rabu da wani ba shi ma aiki ne mai zaman kansa.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. Iskoki marasa nauyi suna rage densiti fiye da yadda ƙididdigar kasonsu za ta nuna, kuma suna ɗaga matsin da ake buƙata kafin a tabbata babu kumfa a bututu. Haidirojin ne ya fi ɓarna a nan: kashi 1 cikin ɗari na ƙwayoyinsa bai kai kashi 0.05 na nauyi ba, amma yana matsar da iyakar da kumfa ke fara fitowa sosai. Da zarar siffar ruwa da siffar iska ta CO2 sun haɗu a bututu ɗaya, babu mitar da na sani da za ta ba ka alƙaluman da za a yi ciniki a kansu. Lissafin da ake dogara da shi wajen sanin densitin CO2 tsantsa shi ne na Span da Wagner na 1996, kuma yana da inganci ƙwarai. Na gauraye, irin GERG-2008 da EOS-CG, suna ƙara rauni idan aka matso kusa da gaɓar kiritikal, wato daidai inda aka fi buƙatarsu. Danshi kuma matsalarsa daban: idan ya taru ya zama ruwa yana haɗuwa da CO2 ya zama asid mai cin ƙarfe, ya lalata bakin farantin awo.

Mitocin da ake da su

Mafi tsufa ita ce mai faranti da huda a tsakiya, wato orifis, da 'yar'uwarta Benturi. Ana matse hanya, a auna bambancin matsi kafin matsatsin da kuma a cikinsa, a fitar da yawan abin da ke wucewa. Ba ta da abin da ke motsi, tana da araha, kuma ƙa'idar ISO 5167 ta ba da damar a amince da ita daga auna girman farantin kawai idan an kiyaye sharuɗɗan ɗaurawa. Rauninta shi ne sai an gaya mata densiti. Kuskuren densiti yana shiga sakamakon da rabinsa, wato idan densiti ya kauce da kashi 4, nauyin da aka ƙirga zai kauce da kashi 2. Haɗa wannan da alƙaluman da na ba ka: a bar 100 da zafin digiri 45, kuskuren digiri ɗaya tak a ma'aunin zafi ya isa ya cinye duk iyakar da doka ta bayar.

Akwai wani abu game da orifis da ba kasafai littafi ke tsayawa a kansa ba, amma duk wanda ya yi aikin fili ya san shi. Siraran bututun da ke kai matsi daga farantin zuwa tiransimita, wato na'urar da ke karanta matsin, ba sa gudana, don haka zafin da ke cikinsu na rana ne da inuwa. Na sha ganin tashar gas inda ɗaya ke rana ɗaya ke inuwa, kuma a gas illar ba ta da yawa. A CO2 ɗaya na iya cika da mai nauyi ɗaya da mara nauyi. Tsayin santimita 10 na abu mai densiti 700 yana ba da matsin kusan milibar 7 (milibar kashi ɗaya ne cikin dubu na bar), kuma idan bambancin matsin da kake aunawa milibar 250 ne, ka samu kuskuren kusan kashi 1.4 a yawan kwarara ba tare da wata na'ura ta lalace ba.

Mitar Koriyolis ita ce wadda aka fi karkata gare ta a yau. Ana sa bututu lanƙwasasshe ya riƙa kaɗawa, abin da ke wucewa ya murɗa shi, kuma girman murɗawar ya nuna nauyin da ke wucewa kai tsaye. Ba ta buƙatar a lissafa mata densiti, ita ma tana auna shi, kuma wannan ya kawar da mafi girman matsalar da muka tattauna. Masu ƙera ta suna da'awar daidaiton kashi 0.1 cikin ɗari a kan ruwa. Sai dai tana da tsada, girmanta yana da iyaka ta yadda babban bututu sai an jera da yawa, tana rage matsi, kuma kumfa na rikita ta. Kusa da gaɓar kiritikal saurin sauti a cikin CO2 yana faɗuwa ƙwarai, abin da ke sa iskar ta daina bin kaɗawar bututun sau da ƙafa, sai an yi gyara a lissafi.

Mitar sauti, wato altirasonik, tana aika sauti tare da kwarara da kuma akasinta ta kwatanta lokacin isowa. A manyan bututun gas ita ce sarauniya, domin ba ta tare hanya. CO2 kuwa tana shanye sauti fiye da yawancin iskoki, kuma tsananin hakan yana canzawa da matsi da kaifin sautin da na'urar ke aikawa, har saƙon kan ɓace. An samu ci gaba a kan wannan, amma ko ta yi aiki, yawan kubik mita take aunawa ba nauyi ba, sai an koma ga densiti. Mitar farfela an daɗe ana amfani da ita a filayen mai na Amurka, amma CO2 ba ta da maiƙo kuma tana wanke man da ke cikin boris, don haka ba zan kai ta wurin da gyara ke da nisa ba.

Tantance mita

Mita ba ta zama abin dogaro sai an gwada ta da ma'aunin da ya fi ta, shi ma an gwada shi da wanda ya fi shi, har a kai ga ma'aunin ƙasa. A ruwa da gas da mai wannan silsila ta daɗe da kafuwa. A CO2 mai kauri, wato wadda aka matse ta yi nauyi kamar ruwa, wuraren gwaji kaɗan ne a duniya, kuma mafi yawansu ƙanana ne idan aka kwatanta da bututun da ake shirin ginawa. Cibiyar awon kwarara da ke East Kilbride a Sikotland tana cikin masu aiki a kan wannan, kuma a 2022 ƙasashen Turai suka fara wani shirin haɗin gwiwa mai suna MetCCUS domin cike giɓin. Abin da aka saba yi shi ne a tantance Koriyolis da ruwa, a ɗauka sakamakon zai yi aiki a kan CO2. Gwaje-gwajen da aka wallafa suna ba da ƙwarin gwiwa idan iskar tana siffar ruwa sosai, nesa da gaɓar kiritikal. Ni dai ba zan sa hannu a kan wannan zato ga tashar da ke aiki a bar 90 da zafin digiri 40 ba.

Zaɓina idan a yankinmu ne

A cikin masana'anta, kafin a matse iskar, orifis ko Benturi ta wadatar, domin a ƙaramin matsi halin CO2 a bayyane yake. A wurin miƙa kaya a bututu mai matsi zan sa Koriyolis, aƙalla layi biyu, da wata ta uku da ake ajiyewa don gwada sauran lokaci zuwa lokaci, da na'urar tantance sinadarai a gefe. Amma kafin zaɓen mita zan nemi a yanke shawara a kan matsi: a riƙe tashar awo a wajen bar 150, kuma a sa ta bayan na'urar sanyaya iskar da ta fito daga kwamfuresa, ko da hakan zai ƙara kuɗin wuta. Sai rumfa a kan tashar baki ɗaya, a naɗe bututun da abin hana zafi, a tsoma ma'aunin zafi sosai cikin kwarara domin kada ya riƙa karanta zafin bangon ƙarfe. A tashoshin da na yi aiki, abin da ya fi ɓata lissafin wata shi ne ɗaukewar wuta daga kwamfutar da ke tara adadi, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar akwatin na'urori, saboda haka batir mai ƙarfi da akwati mai rufi suna cikin kayan awo a wurina.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da yiwuwa. Idan za a fara ƙaramin gwaji a wannan yanki, da tankar mota za a ɗauki iskar a sanyaye, a wajen digiri 20 ƙasa da sifili da matsin kusan bar 20, kamar yadda ake kai wa kamfanonin lemon kwalba. A nan sikelin mota da aka tantance ya fi kowace mita sauƙi da aminci, muddin an lissafa tururin da ke komawa tanki lokacin lodi. Ko aikin Northern Lights na Norwe, wanda zangonsa na farko zai iya karɓar tan miliyan 1.5 a shekara, da jirgin ruwa ake kai masa CO2 a sanyaye daga kamfanin siminti na Brevik.

Ka san iyakar abin da na gaya maka. Aikina na hannu ya tsaya ne a kan gas da kuma CO2 a siffar iska. Abin da na faɗa a kan siffa mai kauri daga karatu da lissafi ne, tunda har yanzu ba a fara binne CO2 a babban mataki a Najeriya ba. Batun inda za a binne kuma na masana duwatsu ne. Ana neman dutse mai ƙofofi a zurfin da ya wuce mita 800 da wani mara ƙofofi a samansa, kuma yawancin ƙasar Zamfara tana kan tsohon dutse mai tauri ne, yayin da Kebbi ke cikin kwarin Sakkwato mai shimfiɗun yashi da laka. Ko zurfinsu ya isa, su za ka tambaya.

Game da aikin kammala karatunka, ga shawarata. Hukumar NIST ta Amurka tana da shafi kyauta a intanet da ke ba da densitin CO2 a kowane zafi da matsi. Nemi bayanan zafin Birnin Kebbi na shekara guda daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet, ka ɗauki matsi uku, bar 90 da 120 da 150, ka lissafa yadda kuskuren rabin digiri a ma'aunin zafi da na rabin bar a ma'aunin matsi zai shafi sakamakon orifis a kowane wata. Daga nan ka fitar da mafi ƙarancin matsin da zai riƙe kuskuren ƙasa da kashi 1.5 a watan Afrilu, ka kwatanta shi da na watan Janairu.